Ragowar Baba Fifita

"Inna, tsaya mini a bakin ƙofa. In kin ji tarin Baba ki buga murfin tukunya."

Ko gaisuwa Lesieli ba ta yi mini ba. Ni Seini, ƙanwar uwarta, da furfurata da ciwon gwiwata, ni aka mayar mai gadin masoya. Na ja tsaki na ce wallahi yau ce rana ta ƙarshe. Jiya ma haka na faɗa.

Gari bai gama wayewa ba. Tashar jiragen ruwa ta garinmu Neiafu shiru, sai aladun maƙwabta da ke tonon laka a bakin ruwa. Kelepi na tsaye a bayan kicin ɗinmu jiƙe sharkaf, riƙe da wani ƙaton jan kifi, amma ƙafarsa ba ta taka dokin ƙofa ba. Tun ranar makokin Manase, yayan Lesieli, bai ƙara takawa ba.

"Dubi yadda kake rawar sanyi," in ji Lesieli. "Sai ka kashe kanka za ka huta?"

"Ba komai. Baba ya ci na jiya?"

"Ya ci sosai."

Ya yi murmushi kamar shi aka ciyar. Ta ɗora kifin a kan katako, sara ɗaya ta cire kan ta miƙa masa. Kullum haka suke yi, ita ta cire, shi ya jefa a teku.

Yau bai jefa ba. Ya tsaya yana jujjuya shi a hannu.

"Na ji gobe za ku cire baƙin kayan makoki. Na ji kuma Semisi mai bene zai kawo kava, abin shan neman aure, ke za ki dama masa."

"Gwaggo ce ta ce."

"Ke kuma me kika ce?"

"Ina da baki ne a gaban Gwaggo Toakase? Baba ma da ya haife ni, in yayarsa ta yi magana ƙasa yake kallo."

"To ni ma zan zo. Zan rataya ganyen bishiyar ifi a wuyana irin na mai neman gafara, in zauna a ƙofar gaba, cikin rana, inda kowa zai gan ni. Ko ya yafe mini, ko ya sa a kore ni."

"Kelepi, don girman Allah kar ka zo."

"Na gaji da zuwa ta baya, Lesi. Ɓarawo ma ɗauka yake zuwa yi, ni kawowa nake, amma ni ne mai sanɗa."

Hawaye suka zubo mata. Ta goge da gefen tsohuwar tabarmar makoki da ke ɗaure a ƙugunta bisa al'adarmu.

"In ka zo zai tambaye ka abin da ya faru a ruwa. Me za ka ce masa?"

"Gaskiya. Manase yana ƙasa yana nutso, iska ta taso, igiyar ruwa tana jan kwale-kwale zuwa kan duwatsu. Na yi kira har muryata ta dishe. Sannan na yanke igiyar anga da hannuna. Da na ƙara jira kaɗan..."

"Da gawa biyu muka nema."

"Da na huta."

"Kar ka ƙara faɗin haka a gabana!"

Can cikin gida na ji tarin ubanta Fifita. Na buga murfin tukunya da ƙarfin da kaji suka watse. Kafin in waiga Kelepi ya ɓace, sai sawun ƙafarsa a jiƙe a kan siminti. Na watsa ruwan wanke-wanke a kai.

Gidan abincinmu ba wani ƙayatacce ba ne. Rumfar kwano ce da bencuna, tsakanin kasuwa da inda jirgin ruwan Tongatapu ke tsayawa. Amma duk wanda ya san ota ika a garin nan, ɗanyen kifi da lemun tsami da madarar kwakwa, nan yake zuwa. Masu dako, direbobin tasi, malaman makaranta, har fasto yakan aiko da kwanonsa. Sirrin kuwa kifi ne da ya fito daga ruwa da safen nan, na Manase da Kelepi.

Kelepi maraya ne daga tsibirin Hunga. Fifita ya ɗauke shi aiki a kwale-kwale, ya koya musu mashi shi da Manase tare: a bayan ido, a karkace, don kar naman ya lalace. Duk garin nan ba mai harbin kifi haka sai su uku. Da yaron ya girma ya nuna yana son Lesieli, Fifita bai ce a'a ba. Ana shirin magana ke nan kwale-kwale ya dawo da mutum ɗaya.

A wajen makoki Fifita ya miƙe gaban jama'a, ya nuna Kelepi da yatsa.

"Abin da hannun nan ya taɓa ba zai ƙara shiga bakina ba."

Daga nan ya daina cin abinci gaba ɗaya. Muka koma sayen kifin ƙanƙara a wurin Semisi, mai benen da Turawan jiragen ruwa ke shan giya a sama. Kifin kamar soso. Masu dako suka koma wajen masu gasa kaza, Fifita kuwa ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Wata safiya muka tarar da kifi a rataye a ƙofar baya. Lesieli ta dube ni, na dube ta. Da rana Fifita ya ci, ya nemi ƙari.

"Wa ya kawo wannan?" ya tambaya.

"Semisi ne, Baba," in ji Lesieli.

Kalma uku ke nan, amma su suka zame mana ƙarfen ƙafa.

Da tsakar ranar nan rumfa ta cika. Fifita na zaune a kujerarsa da ke kallon teku, Gwaggo Toakase a gefensa tana fifita da mafici, ta cinye benci ita kaɗai. Sai ga farar motar Semisi. Ya fito da turarensa da ke riga shi shiga wuri, ya durƙusa ya gaida manya. Gaskiya yaron bai da muni, ni dai jinina ne bai haɗu da nasa ba.

"Zo nan, ɗan albarka," in ji Gwaggo. "Jama'a ku dube shi. Ƙanena yana bakin kabari wannan yaron ya jawo shi da kifi. Kullum ta Allah sabon kamu, ko sisi bai taɓa karɓa ba. Lesieli! Kin mutu ne a kicin? Kawo masa ruwan kankana."

Lesieli ta fito da kofin, kanta a ƙasa, har ruwan ya zuba a tire.

"Kunya take ji," in ji wani direban tasi. "Semisi, ka yi sa'a, amma ka sani tare da Inna Seini za a kai maka ita."

"In na je benen nan kwalaben giyarku zan fara fasawa," na ce. Aka kwashe da dariya, ban da mutum biyu, uba da 'yarsa.

Fifita ya ture kwanonsa da saura a ciki. Ni na ɗauka, ni na cinye a tsaye. A al'adarmu ɗa ba ya cin ragowar ubansa, ba ya taɓa kansa, don haka duk abin da Fifita ya rage cikina yake ƙarewa, shi ya sa na yi wannan ƙiba. Na tuna lokacin da Kelepi yana sabon zuwa, yunwa ta sa ya kai hannu kwanon. Manase ya buge masa hannu, Fifita ya yi dariya ya ce, "Ƙyale shi ya ci, ai shi baƙo ne." Yaron ya ci yana hawaye. Na ɗauka barkono ne, sai daga baya na gane kalmar baƙon ce ta ƙona shi.

Semisi ya biyo Lesieli har ƙofar kicin. Ya rage murya, ya manta kunnena ya fi na kowa.

"Kifina ya yi daɗi yau?"

Ta juya masa baya ta hau wanke kwano.

"Rabon da ku sayi ko jela a wurina an daɗe, Lesieli. Amma kullum ana yi mini godiya, ni kuma ina amsawa. Kin san me ya sa?"

"Me kake so, Semisi?"

"Ke. Tun muna ƙungiyar waƙa a coci nake son ki, ba ki taɓa kallona sau biyu ba. Ba barazana nake miki ba, ban faɗa ba kuma ba zan faɗa ba. Amma ki yi tunani. Ranar da tsohon nan ya san abin da kike zuba masa a kwano bayan rantsuwar da ya yi gaban gari, zai kwanta, kuma ba zai tashi ba. Ki dama mini kava gobe, asiri ya rufu. Ko bayan aure yaron ya ci gaba da kawowa, ni ba ruwana."

Ya juya ya tafi, turarensa ya tsaya.

Da rumfa ta watse, na tarar da ita zaune a kan buhun rogo ta kifa kai a gwiwa. Na zauna kusa da ita ina kankare kwakwa, don in hannuna ba ya aiki bakina ba ya tsayawa.

"Da hannuna na gina masa, Inna. Duk yabon da Gwaggo ke yi wa Semisi, gumin Kelepi ne. Shi ke shiga ruwan da ya cinye amininsa, ni kuma in ɗauki ladan in miƙa wa wani."

"Ai ceton ubanki kika yi."

"Ceto? Kullum in na ajiye masa kwano sai ya ce Allah ya yi mini albarka. Yana sa mini albarka ina karya masa rantsuwa. In ya haɗiye loma ji nake kamar ni ce ta tsaya wa a wuya."

"To ni da nake cinye ragowar fa? Laifin nan tare muka yi shi, tare za mu ɗauka."

Ta girgiza kai.

"Akwai wanda ba ki sani ba, Inna."

Na ajiye kwakwar.

"Ranar nan, da aka ce an hango kwale-kwale kuma mutum ɗaya ne a ciki, kin tuna duk muka ruga tasha? Kowa na addu'a. Baba na cewa Allah ka sa Manase ne. Ke ma haka kike cewa."

"Na tuna."

"Ni ba haka na ce ba." Muryarta ta karye. "Ban yi niyya ba, wallahi ban yi niyya ba, zuciyata ce ta riga ni. Na ce Allah ka sa Kelepi ne. Kuma aka amsa mini, Inna. Duk mutanen da ke tashar nan, tawa aka amsa."

Na kai hannu na dafa kafaɗarta. Ta ci gaba.

"Yayana guda. Tun da muka girma ko ɗaki ɗaya ba mu taɓa zama mu biyu ba, saboda kunyar da ke tsakanin wa da ƙanwa. In an sa ni damun kava dole ya tashi ya bar wajen, yana ƙunƙuni wai na hana shi sha. Amma duk Lahadi sai na tarar da burodi mai zafi a tagata. Shi na sayar a tsaye, cikin ƙiftawar ido."

"Rufe mini baki!" na ce, ina kuka ni ma. "Ke kika taso da iskar? Ke ce Allah? Kafin ki buɗe zuciyarki an riga an gama komai a can."

"To me ya sa in na kalli Kelepi nake jin daɗi, in na ji daɗin kuma in ji kamar na taka kabarin Yaya? Me ya sa, Inna?"

Na jawo ta jikina. Na yi ta bubbuga bayanta har madarar kwakwar ta bushe a hannuna.

Washegari ba mu saurari ƙofar baya ba, don mun ɗauka Kelepi ba zai shiga ruwa ba. Tun asuba muna wajen ramin gashi, ana jera doya da gwaza da alade a kan duwatsu masu zafi. Gwaggo Toakase kuwa ta kwana a gidan don ta ga komai da idonta. Ita ta buɗe ƙofar kicin.

"Kai! Ku zo ku ga abin arziki!"

Muka shigo da gudu. Kifi ne a rataye wanda ban taɓa ganin girmansa ba, da kansa da komai. Lesieli ta zari wuƙa.

"Me za ki yi?" in ji Gwaggo.

"Zan cire kan ne, Gwaggo."

"Ki cire kan? A ranar cire baƙi? Wa ya raine ki? Seini, haka kika koya mata?" Ta fizge wuƙar. "A gasa shi ɗungurungum. Kai na maigida ne, da hannuna zan ajiye wa ƙanena. Yaron kirki ya yi wahala, ku za ku jefa wa karnuka."

"Gwaggo, Baba ba ya son..."

"Ni za ki gaya wa abin da Fifita ke so? Ni na goye shi."

Na leƙa bayan idon kifin. Ga hujin nan a karkace, tsaf, kamar an sa hannu a takarda. Na yi ƙoƙarin cusa ganyen albasa a ciki, Gwaggo ta buge mini hannu ta ce in daina yi wa kifi kwalliya kamar amarya.

Rana ta take aka cire baƙi. Fasto ya yi addu'a, Gwaggo ta kwance wa Lesieli tsohuwar tabarma ta ɗaura mata sabuwa mai laushi. Rumfa ta cika har bakin titi. Semisi da abokansa suka zo da saiwar kava da babban akushi, suka ajiye a gefe sai an gama ci.

Ana cikin zuba abinci surutu ya ɗauke daga bakin ƙofa, ya bi benci benci har ya iso ciki.

Kelepi ne. Ya sa baƙaƙen kaya, ganyen ifi a wuyansa, ya zauna a tsakiyar rana a kan kwalta, ya sunkuyar da kai.

"Wannan wane irin rashin kunya ne?" in ji Gwaggo. "A kore shi!"

"A bar shi," in ji Fifita, bai ko waiga ba.

Gwaggo ta yi ƙwafa. Don ta huce, ta yanko kan kifin da kanta ta ajiye a gabansa.

"Ci, ƙanena. Daga hannun surukinka."

Lesieli ta kama hannuna ta matse har na ji ƙashina. Fifita ya ja kwanon. Da ya taɓa shi kuwa shi ke nan, ba ɗan da ya isa ya kai hannu ya ɗauke.

Ya jujjuya kan. Ya tsaya. Ya sa ɗan yatsansa a hujin, ya daɗe a haka. Semisi ya hau gyaran wuyan riga.

Lesieli ta saki hannuna ta zube a gaban ubanta.

"Baba, ni ce. Ba Semisi ba ne, bai taɓa zama Semisi ba. Ni na yi maka ƙarya, ni nake zuba maka kullum. Ka tsine mini ni kaɗai, Kelepi bai..."

"Tashi," in ji Fifita.

"Baba, na karya maka rantsuwa."

"Na ce ki tashi. Ke kika karya? Na yi shekarun da suka fi naki a cikin ruwa, kina tsammanin sai na ga kai zan san kifin da aka harba daga wanda ya kwana a ƙanƙara? Tun lomar farko na sani."

Maficin Gwaggo ya tsaya a sama.

"Na sani, na ci, na nemi ƙari. Kifin bayan dutsen da Manase ke nutso ne, ɗanɗanonsa daban. In na ci sai in ji kamar yarona ya dawo daga ruwa yana wanka a bayan gida." Hawaye suka gangaro masa, bai share ba. "Ina kallonki kina ramewa, kina kawo mini kwano kullum, na yi shiru. Na bar ki da kayan da nawa ne, don kar gari ya ce Fifita ya lashe amansa. Ke za ki yafe mini."

Lesieli ta fashe da kuka. Ni ma na saki nawa, har da majina, ban damu da fasto ba. A raina na ce shi ke nan, Allah ya kawo ƙarshen wahala. Wauta ce irin tawa.

Fifita ya ɓare kumatun kifin ya ci a gaban kowa. Ya ci rabi ya tsaya.

"Ku shigo da shi."

Masu dako biyu suka shigo da Kelepi. Ya durƙusa ya fara magana, Fifita ya ɗaga hannu.

"Na san ka yanke igiya. Ni na koya muku, in duwatsu sun matso a yanke. Da ba ka yanke ba da ni zan fara zaginka a lahira." Ya numfasa. "Amma na ba ka ɗa ka fita da shi, ka dawo mini hannu wofi. Kifi ba ya biyan ɗa, Kelepi. Ɗa ke biyan ɗa."

Ya tura kwanon gabansa.

"Ga ragowata. In har yanzu baƙo ne kai, ka ci kamar yadda ka taɓa ci, ka tashi ka tafi. Ba gaba tsakaninmu, amma kar in ƙara ganinka, ko kai ko kifinka, ta gaba ko ta baya. In kuwa za ka zauna a gurbin Manase, ka ɗauki ɗakinsa da kwale-kwalensa da sunana, ka rufe mini ido ranar da na mutu, to ka san ɗa ba ya ci."

Da farko mutane suka fara murna. Sai na ga Gwaggo Toakase ta ci gaba da fifita a hankali, bakinta na motsi kamar mai tsotsar alewa. A nan na gane. Ɗan Fifita yayan Lesieli ne, ko na riƙo ne, a al'adarmu ba aure tsakaninsu.

"Fifita!" na yi ihu, na manta da matsayina. "Ka san abin da kake yi kuwa? Yaran nan..."

"Seini, koma kicin," in ji Gwaggo.

Ban koma ba. Fifita bai dube ni ba, kuma har yau ban san ko ya manta ba ne, ko kuwa yana sane, zai iya ba yaron komai nasa ban da 'yar.

Lesieli ta rarrafa ta matso.

"Kelepi, ka ci," ta ce a hankali, amma kowa ya ji. "Don Allah ka ci. In ka ci zan bi ka ko Hunga ne, ko ina ne. Ka ci mana!"

Semisi ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta ce, "Oh ni Toakase, yau na ga abin da ya fi ƙarfina."

Kelepi ya miƙa hannu. Yatsunsa suka kai bakin kwanon. Ya dubi Lesieli, kallon da ban so in ƙara gani ba a rayuwata. Sannan ya dubi tsohon, da ƙasusuwan wuyansa, da kujerar Manase da ba mai zama a kai.

"In na tafi, wa zai kawo masa kifi, Lesi?" ya ce. "Ni na yanke igiyar nan. Ba zan yanke ta biyu ba."

Ya janye hannunsa ya ɗora a cinya.

Fifita ya cire masa ganyen ifi da kansa, ya jawo kujerar Manase ya zaunar da shi. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka miƙo mini kwanon kamar kullum. Na ɗauka na kai bayan kicin na juye wa aladu.

Da rana ta yi sanyi aka shimfiɗa tabarmi, maza suka zagaye akushi. Kelepi na gefen Fifita, ido jajur, kowa na miƙa masa hannu. Gwaggo ta kamo Lesieli ta zaunar da ita a bayan akushin, daidai gaban Semisi.

"Sa hannu, 'yata. Baƙi na jira."

Lesieli ba ta yi gardama ba. Kukan ma ya ƙare mata. Ta nannaɗe hannun riga ta tsoma hannu a ruwan.

Ba wanda ya ce da Kelepi komai, ba sai an ce ba. Wa ba ya zama inda ƙanwarsa ke damun kava. Ya miƙe a hankali, ya ratsa ta bayan mutane, ya fita ta ƙofar gaban da ya shekara yana mafarkin shigowa ta cikinta.

Na durƙusa kusa da ita kamar zan ƙara mata ruwa. Idonta na kan akushin, hannunta na juyawa.

"Inna," ta ce, can ƙasa, "kin gani? Na roƙi Kelepi a madadin Yaya. An ba ni daidai abin da na roƙa."

Semisi ya tafa hannu, alamar a zuba. Ta cika ƙoƙon kwakwa ta miƙa.